Murfin tausasa hasken filas: a ina yake da amfani?

Murfin tausasa haske, wanda ake kira diffuseur da Faransanci, farin murfi ne na roba ko na ƙyalle da ake ɗora wa filas ɗin kyamara domin ya baza haske. Mai ɗaukar hoton biki ko suna a Adakpamé da sauran unguwannin Lome kan saye shi ne don gudun ƙorafin masu biki: goshin amarya na ƙyalli, adon shadda ya ɓace, ga baƙar inuwa a bango.

Taushin haske ya dogara ne da faɗin wurin da yake fitowa da kuma kusancinsa da wanda ake ɗauka. Bakin filas bai kai tafin hannu ba, shi ya sa inuwarsa ke da kaifi. Ƙaramin murfi ba ya ƙara masa faɗi sosai. Aikinsa shi ne watsa haske zuwa silin da bango, su kuma su dawo da shi kan fuska a tausashe.

Saboda haka ya fi amfani a ɗaki mai farin bango, wanda silin ɗinsa bai wuce mita 3 ba, kamar ɗakin amarya ko na mai jego.

A tsakar gida ko a kan titi da dare kuwa, babu abin da zai dawo da hasken, sai ya tafi a banza. Murfin kan cinye rabi zuwa kashi uku cikin huɗu na ƙarfin filas, batir ya yi saurin ƙarewa, kuma a daɗe ana jiran filas ya sake cika. Nisa ma na rage haske: idan aka ja baya daga mita 2 zuwa mita 4, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke saura. Idan rumfar biki ja ce ko shuɗiya, launinta zai sauka a kan fuskoki da fararen kaya.

A irin waɗannan wurare, gara a cire murfin a rage ƙarfin filas, ko a kafa farar lema ta masu hoto kusa da mutane. A cikin ɗaki ma, ɗaga kan filas zuwa silin tare da ɗaura masa farin kwali na ba da sakamako kusan iri ɗaya, ba tare da an kashe ko dala ba. Tun da ba a maimaita ranar biki, yana da kyau a gwada hasken wurin kafin baƙi su iso.