Daga Huhun Goro Zuwa Kwalin Jirgi: Kayanmu da Takardunsu

Da kwamitin biki ya nemi a rubuta tarihi a wannan fitowa, niyyarmu mu fara da Salaga kamar yadda aka saba. Sai muka ga gara mu fara da abin da ya sami wani ɗan uwanmu a nan Kotobabi, don shi ya sa muka koma gaban dattawa da tambaya.

Sana'arsa manyan riguna. Ya ɗauko wata aska takwas aikin hannu daga Zariya, ya sa hotonta a WhatsApp. Wani ɗan Nima mazaunin Hamburg a Jamus ya gani, suka daidaita, kuɗi suka shigo. Da ya je ofishin aika kaya aka miƙo masa fom, sai ya rubuta cewa tsohon tufafi ne, kyauta ce, ya sa kuɗin da bai kai ushirin farashinta ba, wai don kada a ɗora wa mai saye haraji. Kwalin bai isa ba. Da ya nemi diyya, aka buɗe fom ɗin da ya sa wa hannu, aka biya shi daidai abin da ya rubuta. Ya mayar wa mai saye kuɗinsa cif, saboda shi mutum ne mai amana. Babu wanda ya cuce shi. Wajen neman ƙiba aka samo rama.

Da yawanmu da mun yi abin da ya yi. Wannan ɗabi'a ta rage wa kaya daraja a gaban mai karɓar haraji gadonta muka yi, kuma a zamaninta tana da dalili.

Kakanninmu fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suna tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa, jan fata, baƙin rini da ƙananan kaya. Su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu, su bi ta Sansanne Mango da Yendi har Salaga a ƙasar Gonja, inda goron Asante yake jiransu. Tafiyar watanni ce. Baturen nan Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kaiama a 1826, mutum wajen dubu, maza da mata. Ba goro kaɗai ake sayarwa a Salaga ba, har da bayi, kuma bai kamata mu tsallake wannan ba idan muna yabon wancan zamani.

A hanya kowane sarki yana da hakkinsa, kowane kogi yana da kuɗin fito. Amma babu farashi a rubuce. Madugu ne zai shiga fada da gaisuwa, a yi ta ja-in-ja har a daidaita, sa'annan a raba wa 'yan ayari gwargwadon kayan kowa. Madugun da ya iya baki, ayarinsa ya biya kaɗan. In an isa, fatake su sauka wurin maigida, shi zai ba su masauki, ya ajiye kaya, ya kawo dillali, ya tsaya wa bashi. Ke nan haraji ciniki ne, darajar kaya kuwa tana cikin kan madugu da maigida, kuma su ne shaida in wani abu ya ɓata. Mutum zai iya ƙanƙantar da kayansa a gaban sarkin hanya ba tare da ya yi asarar komai ba, tunda ba sarkin hanya ne zai biya shi diyya ba.

Kada a ɗauka ba su san takarda ba. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano, ɗan bafataken goro, ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake tsara wasiƙa tun a 1877. Malamin ayari yana rubuta bashi, yana rubuta wa maigidan gaba wasiƙa. Sai dai takardarsu tsakaninsu take yawo, daga amini zuwa amini. Ba a rubuta ta don hukuma.

Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, ikon Asante a kan arewa ya yi rauni. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya ƙarasa watsa kasuwar. Mutane suka bazu, wasu Kete-Krachi, wasu Kintampo, wasu Kumasi, wasu suka gangaro Ankara, inda Malam Neno ya riga ya kafa zango, ɗansa Malam Baƙo kuma ya buɗe Sabon Zango daga baya. Nima ta biyo baya a shekarun 1930 ta hannun Malam Futa, mai fataucin shanu, sannan Maamobi da Kotobabi suka cika.

A nan ne takarda ta canza fuska. Jirgin ƙasa ya isa Kumasi a 1903, na Legas ya isa Kano a 1911. Huhun goro ya sauka daga bayan jaki ya shiga jirgin ruwa zuwa Legas. Alhassan Dantata, kafin ya koma Kano ya shahara da gyada, yana cikin waɗanda suka riƙa bin wannan hanya daga Ankara. Jirgin ruwa ba ya sauraron madugu. Akwai akawu, akwai sikeli, akwai takardar lodi mai cewa huhu nawa, na wa, zuwa ina. Wanda ya riƙe takardar shi ne mai kaya a Legas, ko da bai taɓa ganin goron ba. Waɗanda suka gane haka da wuri su ne suka yi arziki.

Duk da haka, a zamanin Turawa kuɗin Ankara da na Kano ɗaya ne, fam da sule na Afirka ta Yamma. Bayan 'yancin kai kowa ya kama gabansa: Ghana ta fito da sidi a 1965, Najeriya ta fito da naira a 1973, maƙwabtanmu kuma suna kan sefa. Hanyar Legas ba ta kai kilomita 500 ba, amma boda uku ce: Aflao, Hillacondji, Seme. Dattawanmu ba sa manta Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Akwai waɗanda aka haifa a Nima, ba su san wata ƙasa ba, amma ba su da abin nunawa, suka bar rumfa da gida. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin nata, 'yan Ghana wajen miliyan suka dawo. Tun daga nan iyayenmu suka riƙa ganin takarda a matsayin bulalar hukuma, abin da ake kaucewa ko a saya. Ba mu ga laifinsu ba.

An kafa ECOWAS a Legas a watan Mayu 1975, aka yi yarjejeniyar zirga-zirga a 1979, aka kuma yi tsarin ETLS wanda ya ce kayan gona da dabbobi da aikin hannu na yankin su wuce ba haraji. A rubuce ke nan. Duk wanda ya taɓa raka motar albasa daga Galmi ta Paga zuwa Agbogbloshie, ko Adjen Kotoku tun 2021, ya san shinge nawa ne a hanya da abin da ake ajiyewa a kowanne. Najeriya ta rufe bodarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, kayanmu suka kwana a Seme har wasu suka ruɓe. Nijar da Burkina da Mali sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ga kuma sakatariyar AfCFTA nan a Ankara, ba ta da nisa da mu. A hanyar mota dai har yau baki yana aiki, direba da ɗan kamasho sun gaji madugu.

Kwalin da aka sayar ta intanet shi ne ba shi da madugu. Ba ka tare da shi, ba ka da maigida a Hamburg ko Bronx, jami'in da zai duba shi ba zai ji gaisuwarka ba, wani lokaci ma kwamfuta ce take tantancewa kafin jirgi ya sauka. Ko a gida haka abin ya koma: kwastan ta shiga ƙarƙashin GRA a 2009, aka tashi daga GCNet zuwa ICUMS a 2020, lambar Ghana Card kuma ta zama lambar harajin mutum tun 2021. Fom ɗin nan da muke cikewa a tsaye cikin gaggawa, CN22 na ƙaramin kaya ko CN23 na mai daraja a gidan waya, ko takardar farashi a kamfanonin jirgi, shi ne bakin kayan. Da shi ake lissafa haraji, da shi kuma ake lissafa inshora da diyya. A da mai karɓar haraji daban, mai tsaya maka daban. Yanzu lamba ɗaya ce take yi wa duka biyun aiki, in ka rage ta a nan ka rage ta a can.

Ƙofofin da ake bi a da ma suna rufewa. Tarayyar Turai ta soke rangwamen kayan da ba su kai yuro 22 ba tun 1 ga Yuli 2021. Amurka ta soke nata na dala 800 a ƙarshen Agusta 2025. Rubuta "kyauta" a kan abin da aka saya ƙarya ce a dokarsu, kuma suna iya neman mai saye ya nuna shaidar abin da ya biya. In lambobin suka saɓa, kaya su zauna, kuɗin ajiya yana hawa.

Akwai kuma kayan da ba haraji ne matsalarsu ba, izini ne. Tsofaffin duwatsun wuya, tsohon Alƙur'ani rubutun hannu, tagulla ta gado: dokar gidan tarihi ta 1969 ta ce ba a fitar da kayan tarihi sai da takardar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ghana. Ko sabon sassaƙa ne mai kama da tsoho, gara a kai su gani tukuna. Jaka ko takalmin fatar kada da na mesa suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, hauren giwa kuwa an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989. Zinariya tana da hukumarta, ba abin da ake cusawa a kwali ba ce. Game da littattafan kakanni, ra'ayinmu shi ne ko da izini ya samu, a yi shawara da dangi kafin a sa hoto.

Ɗan uwan namu ya sake aika wata riga bayan Sallah. Ya ɗauki hotonta ciki da waje kafin ya naɗe, ya rubuta cewa rigar maza ce ta auduga, ɗinkin hannu, an yi ta a Najeriya, ya sa farashinta na gaskiya, ya biya inshora a kan wannan farashi, ya kuma gaya wa mai saye tun kafin ciniki ya faɗa cewa harajin can a kansa yake. Mai sayen ya yi ƙorafi, ya nemi ragi, aka rage masa kaɗan. Rigar ta isa. Kwafin takardun yana ofishin ƙungiya wurin sakatare, da yardar mai su, ga duk wanda yake so ya duba kafin ya cike nasa.