Baƙo a Kafanchan: Hanyoyin Shiga da Yadda Ake Zirga-zirga

'Yan'uwa da dama mazauna Fatakwal, Kalaba da Legas kan tambaye ni yadda za su yi idan sayen citta ko ziyara ta kai su Kafanchan. Amsata kullum ita ce: cikin garin ba wuya, aikin yana wajen zaɓen hanya da lokacin isowa.

Jirgin ƙasa ne ya raya Kafanchan. Tun wajen 1927 ta zama mahaɗar layin dogon da ya taso daga Fatakwal, inda reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya nufi Jos. To amma fa kada ka sa jirgi a lissafinka, fasinjan Kudu ya daɗe rabonsa da sauka a wannan tasha.

Wanda ya taso daga Fatakwal ko Aba zai bi Inugu, Makurɗi, Lafiya da Akwanga, sannan Gwantu da Gidan Waya. Mutumin Legas ko Ibadan kuwa yakan sauka Abuja, ya nemi motar da ke bi ta Kwoi. Daga Kaduna ana bin Kachiya da Zonkwa, daga Jos kuma Manchok da Kagoro. Kowacce ka ɗauka, ka tabbata ka shiga gari da sauran rana. Akwai dazuka a tsakani, an sha tare matafiya a wasu wuraren, kuma idan rikici ya tashi gwamnati kan sa dokar hana fita, kamar yadda aka yi bayan zaɓen 2011. Ni dai gara in kwana a Akwanga da in ƙarasa cikin dare. Kafin ka shiga mota, ka buga wa mai masaukinka waya, ka kuma ji ta bakin direbobin tasha, su ne suka san halin da hanya ta kwana.

A cikin gari acaɓa da keke napep sun wadatar. A yi ciniki kafin a hau, a riƙe canji. Hausa ce harshen kasuwa da tasha, Musulmi da Kirista duk suna yin ta, sai dai ka tuna akwai Fantswam, Bajju, Kagoro, Atyap da Ham, kowa da harshensa da sarautarsa. Gaisuwa da girmamawa, ban da musun addini ko siyasa a mota. Mai neman masallaci ko abincin da ya saba, ya ce a kai shi wajen fadar Sarkin Jama'a.

Idan da sarari, a leƙa inda ruwa ke gangarowa daga dutse a Matsirga, kusa da Madakiya. Da damina ya fi kyau. Kagoro na bikin Afan kowace 1 ga Janairu, masauki kan yi wuya a ranakun, sai a kama tun da wuri.