BABI NA UKU: TARIHIN ƊAUKAR MATUƘA JIRGIN SAMA AIKI A ƘASAR KANO DA MATSAYIN KUDANCIN JIHAR

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda sana'ar tuƙin jirgin sama ta shigo ƙasar Kano, da irin hanyoyin da aka bi wajen ɗaukar matuƙa aiki daga zamanin Turawa zuwa yau. Haka kuma za a dubi yadda ake tsara albashi da lokutan aikin sabon matuƙi a shekararsa ta farko. Daga nan sai a waiwayi ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, domin a ga inda ɗan wannan yanki ya tsaya a cikin wannan tarihi.

3.1 Zamanin Turawa

Jirgin sama ya fara sauka a Kano ne ranar 1 ga Nuwamba, 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman. Jirage uku ne na sojan saman Ingila, waɗanda suka taso daga Masar a ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suka sauka a filin sukuwa. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanya daga Hartum zuwa Kano. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke kuwa, sai Kano ta zama zango ga jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi ana kai su Masar.

A duk tsawon wannan lokaci babu maganar ɗaukar ɗan ƙasa tuƙi. Aikin da ya samu shi ne share fili da dako da gadi. Ko da aka kafa kamfanin jiragen Afirka ta Yamma a 1946, wanda Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya suka yi tarayya a cikinsa, Turawa ne ke riƙe da tuƙi. Sai a shekarun 1950 aka fara tura 'yan Nijeriya Ingila koyon aikin, kuma Kyaftin Bob Hayes yana cikin na farkonsu. Waɗannan na farko daga kudancin ƙasar suka fito, inda ilmin boko ya riga ya kafu.

3.2 Zamanin Gwamnati Uwa Ma Ba Da Mama

Abubuwa biyu ne suka sauya lamarin. Na farko shi ne kafa kamfanin Nigeria Airways a 1958, wanda ya koma hannun gwamnati baki ɗaya a 1961. Na biyu kuwa shi ne buɗe makarantar koyon aikin jiragen sama ta Zariya a 1964, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Tsarin wancan zamani mai sauƙin fahimta ne. Kamfanin gwamnati ko wata hukuma ke ɗaukar nauyin yaro tun daga farko, a biya masa kuɗin makaranta, in ya gama ya tarar da kujerarsa tana jiran sa, kuma kamfanin ne zai koya masa tuƙa samfurin jirgin da zai yi aiki da shi. Albashinsa yana bin tsani, akwai ƙarin girma, akwai fansho. Wato dai ƙwaƙwalwa da lafiyar jiki ake nema daga yaro, ba a tambayar abin da ke aljihun ubansa.

Sai dai duk da haka matuƙan gida ba su isa ba, musamman lokacin aikin hajji, don haka akan yi hayar jirage tare da matuƙansu daga ƙasashen waje. Alal misali, jirgin nan ƙirar Boeing 707 da ya yi haɗari a Kano cikin hazo ranar 22 ga Janairu, 1973, inda mutum 176 suka rasu, mafi yawansu alhazai, hayar sa aka yi daga kamfanin ƙasar Jodan.

3.3 Shigowar 'Yan Kasuwa

A 1980 Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa Kabo Air. Wannan ne ya buɗe wa matuƙa wata ƙofa ban da ta gwamnati, kuma a Kano. Bayan matakan tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, alhali jirgi da kayan gyaransa da horon matuƙa duk da dala ake biya. Kamfanin gwamnati ya yi ta ramewa har ya daina aiki a 2003, ma'aikatansa suka shiga bin haƙƙoƙinsu, har a 2018 gwamnatin tarayya tana sakin kuɗi don biyan su.

Bayan Kabo an sami Max Air na Alhaji Ɗahiru Barau Mangal a 2008, da Azman Air na Alhaji Abdulmunaf Yunusa Sarina wanda ya fara jigila a 2014, da Rano Air na Alhaji Auwalu Abdullahi Rano wanda ya fara a 2023. Idan muka duba za mu ga kamfanoni sun ƙaru a Arewa, amma salon ɗaukar aiki ya juya. Ɗan kasuwa ya fi son matuƙin da ya zo a shirye, wanda wani ya riga ya kashe kuɗin horar da shi.

3.4 Tsanin Shiga Aiki

Lasin tuƙi hawa-hawa ne. Akwai na tuƙin kai, wanda ba a karɓar lada da shi. Akwai na haya, wanda ake samu bayan kimanin awa 200 a sama. Sannan akwai babban lasin da ake zama kyaftin da shi, wanda ke buƙatar awa 1,500. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar soja ta 1999, ita ke ba da waɗannan lasuna.

Tsakanin awa 200 da awa 1,500 nan ne gizo ke saƙar. Lasin haya bai isa a shiga babban jirgi ba sai an haɗa da takardar ƙwarewa a kan samfurin jirgin, kamar Boeing 737 ko Embraer 145. Wannan horo a na'urar kwaikwayon tuƙi ake yin sa, yawanci a ƙasashen waje, kuma yana cin dubban daloli. Kamfani ya ce sai mai awoyi zai ɗauka, shi kuwa yaro ba ya tara awoyi sai an ɗauke shi. Wanda ya yi sa'a kamfani ya biya masa, to zai sa hannu a yarjejeniyar ba zai bar aiki ba sai bayan wasu shekaru, in kuwa ya bari ya biya kuɗin.

3.5 Albashi da Jadawalin Shekarar Farko

Sabon matuƙi mataimaki ne, yana zama a kujerar dama, kyaftin mai igiya huɗu yana hagu. A watannin farko yana tuƙi ne a ƙarƙashin kyaftin mai koyarwa, har sai an gwada shi an yarda da shi. Abin da yake samu ya kasu uku: gundarin albashi, da alawus na kowace awa da ya yi a sama, da na kwana idan dare ya yi masa a wani gari. Saboda haka watan da jirgi ya lalace, ko hazo ya hana tashi, samunsa yakan ragu. Tazarar da ke tsakaninsa da kyaftin babba ce, balle baƙon matuƙi da ake biya da dala. Annobar korona ta 2020 ta nuna raunin wannan tsari, domin da aka rufe filayen jirage kamfanoni sun zaftare albashi, wasu ma sun sallami matuƙa.

Game da lokutan aiki kuwa, doka ta yi iyaka saboda gajiya. A yawancin ƙasashe ba a wuce kimanin awa 100 a sama cikin wata, ko 900 zuwa 1,000 a shekara. Mai jin wannan zai ɗauka aikin hutu ne, amma awoyin sama kaɗai ake ƙirgawa a nan. Sammako don duba yanayi da nauyin kaya, da jiran fasinja, da zaman ko-ta-kwana a gida duk suna waje. Jadawali wata-wata ake fitar da shi, kuma ba ya sanin Juma'a ko Salla. A lokacin jigilar alhazai aikin yakan taru cikin 'yan makonni, dare da rana. Bugu da ƙari, likita yana duba matuƙi kowace shekara, ana gwada ƙwarewarsa duk wata shida, kuma ba ya tuƙa fasinja zuwa ƙetare bayan shekara 65.

3.6 Matsayin Kudancin Kano

Mutumin Kwanar Ɗangora a ƙasar Kiru, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da ta Zariya, ya san wannan tsari a sana'ar mota. Karen mota yakan yi shekaru yana wanki da ɗaurin kaya a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, yana jiran ranar da za a ba shi sitiyari. Bambancin shi ne karen mota ba ya biyan ko sisi kafin ya hau, shi kuwa ɗalibin tuƙin jirgi sai an kashe miliyoyi kafin ya kai matsayin yaron gida.

Zariya ba ta da nisa da wannan yanki, amma sharuɗɗan shiga makarantar su ne masu nisa. Ana neman kyakkyawan sakamako a Turanci da lissafi da fizis, ga kuma kuɗin makaranta. Arzikin yankin kuwa noma ne: noman rani a ƙarƙashin madatsar Tiga da ke Bebeji, da shinkafar Tudun Wada, da masarar Doguwa. Da wuya a sami manomin da amfanin gonarsa zai ɗauki wannan nauyi, ko da an haɗa na shekaru.

Ke nan in ba da hannun gwamnati ba, ƙofar a rufe take. An ga misalin wannan a 2013, lokacin da gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Sun dawo da lasin haya, amma da yawansu suka shafe shekaru ba aiki saboda rashin takardar ƙwarewa a kan samfurin jirgi, wasu ma suka koma sana'o'in da ba su da alaƙa da abin da suka koyo. Illar zaman kuwa ita ce lasi da takardar likita suna buƙatar sabuntawa, kuma hannu yana mantuwa. An yi shuka ke nan ba a yi noma ba.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga matakai uku: lokacin da ɗan ƙasa ba ya kusantar kujerar tuƙi, da lokacin da gwamnati ke ɗaukar sa daga aji har zuwa fansho, da kuma lokacin da nauyin ya koma kan iyaye. An kuma ga cewa shekarar farko ita ce mafi wuyar samu, kuma mafi ƙarancin lada. Darasin da tarihin ya bayar ga Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa shi ne, duk tallafin da za a yi sai ya faro daga darussan kimiyya a sakandare, kuma kada ya tsaya a kan lasin haya, ya kai yaro har kujerar dama ta hanyar yarjejeniya da kamfanonin da ke jigila a Kano.