Houdini da Masu Kiran Matattu: Abin da Ya Gagari Farfesoshi, Ɗan Dabo Ya Gano

Wannan makon Amurka muka nufa, kimanin shekaru ɗari baya, domin mu duba rigimar da ta raba abokai biyu. Ɗaya marubuci ne daga Birtaniya, Arthur Conan Doyle, wanda ya ƙirƙiri shahararren mai binciken nan Sherlock Holmes. Ɗayan kuma ɗan dabo ne, Harry Houdini, wanda akan ɗaure da ankwa da sarƙa a jefa shi ruwa ya fito. Tambaya ɗaya ce ta haɗa su, ita ce kuma ta raba su: shin akwai mutanen da matattu ke magana ta bakinsu?

Harkar ta samo asali tun 1848 a ƙauyen Hydesville na jihar New York, inda wasu 'yan mata ya da ƙanwa, Margaret da Kate Fox, suka ce wani ruhi na amsa musu tambaya ta hanyar ƙwanƙwasa. Kafin ka ce kwabo masu irin wannan iƙirari sun cika Amurka da Turai. A 1888 Margaret ta hau dandamali a New York ta nuna wa jama'a cewa da gaɓar yatsan ƙafarta take yin ƙarar, ko da yake bayan shekara guda ta janye maganar. Harkar dai ba ta mutu ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya da annobar mura ta 1918 ma sai suka ƙara mata kasuwa, don gidaje da yawa sun yi rashi. Doyle ya bayyana imaninsa da abin tun 1916, rasuwar ɗansa Kingsley a 1918 kuma ta ƙara masa riƙo.

Houdini kuwa ɗan gida ne a sana'ar. An haife shi a Budapest a 1874, ya tashi a Amurka cikin talauci, kuma kafin ya yi suna shi da matarsa Bess wasan karanta zuciya suke yi don neman abinci. Ga yadda abin yake. Za a ɗaure wa Bess idanu a kan dandamali, shi kuma ya kutsa cikin 'yan kallo ya karɓi tsabar kuɗi daga hannun wani, ya ce ta faɗi shekarar da aka buga shi. Sai ta faɗa daidai. Sirrin yana cikin tambayar kanta. Suna da kalmomi goma na yau da kullum, kowace tana tsaye a madadin lamba ɗaya: kalmar da ke nufin "amsa" ita ce 2, mai nufin "faɗi" ita ce 3, haka har goma. Yana cikin surutunsa na jan hankali yake jero su, ita kuma tana tsinta. Da lambobin nan ana iya harhaɗa haruffa a fitar da suna.

Bai tsaya nan ba. A ƙarshen shekarun 1890 ya yi wasan kiran ruhohi a ƙananan garuruwa. Kafin dare ya yi zai zaga maƙabarta ya kwafi sunaye da shekarun rasuwa daga jikin duwatsun kaburbura, ya saurari tsegumin gari, da daddare kuma ya amayar da su a matsayin saƙon lahira. (Mu da muke yawan saka boka a labarinmu yana faɗa wa baƙuwa sunanta da damuwarta tun ba ta buɗe baki ba, ba mu cika tambayar wa ya riga ta isa wurinsa da labarin ba.) Houdini ya rubuta daga baya cewa sai da mahaifiyarsa Cecilia ta rasu a 1913 ya gane nauyin wasa da zuciyar mai makoki.

A 1920 ya haɗu da Doyle a Ingila, suka ƙulla abota. A watan Yunin 1922, a wani otal na Atlantic City, matar Doyle ta ce za ta karɓo masa saƙo daga mahaifiyarsa. Ta riƙe fensir ta cika shafi 15, ta zana alamar gicciye a sama. To, marigayiyar Bayahudiya ce, matar malamin addinin Yahudu, kuma ba ta iya Turancin kirki ba, ga saƙo ya zo da Turanci tsantsa. Houdini ya haɗiye a ranar. Da ya fito ya ce bai gamsu ba, sai zumunci ya fara tsami. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne Doyle ya yi imani cewa Houdini kansa yana da baiwar ɓoye da yake ratsa akwatuna da ita, mai wasan yana cewa dabara ce, marubucin yana cewa a'a.

Babbar karawar ta zo a 1924. Mujallar Scientific American ta saka dala 2,500 ga duk wanda ya nuna aikin ruhi a zahiri gaban kwamiti mai mutum biyar. Cikinsu akwai William McDougall, farfesan halayyar ɗan Adam a jami'ar Harvard, da Daniel Comstock masanin kimiyyar fizik, da Houdini. Wadda ta kusa cinye kuɗin ita ce Mina Crandon, wadda jaridu suka sani da Margery, matar wani likitan tiyata a Boston. Ba ta karɓar ko sisi daga masu zuwa wurinta, wannan ya sa ake ganin ba ta da dalilin yin ƙarya. A ɗaki mai duhu muryar yayanta Walter, wanda ya rasu, takan yi magana, ƙararrawa ta kaɗa da kanta, bututun ƙara murya ya tashi sama. An yi ta zama da ita ba tare da Houdini ba, har mujallar ta fara yabonta. A jarida ya ga labarin, ya garzaya Boston a fusace.

Abin da ya yi ranar 23 ga Yuli shi ya fi burge mu. Kamar yadda ya bayyana, tun da safe ya ɗaure ƙafarsa ta dama da bandejin roba a ƙasan gwiwa, har fatar ta kumbura ta yi laushi, yadda ko ɗan motsi zai ji. Da daddare ya zauna a hagunta, ya naɗe ƙafar wando, idon sawunsa na jingine da nata, akwatin ƙararrawar kuma na tsakanin ƙafafunsa. Cikin duhu ya ji ƙafarta tana sulalewa a hankali har ta kai ga akwatin, sai ƙararrawa ta kaɗa. Bututun kuwa, ya ce ɗora shi take a ka, sannan ta fizge wuya ta wurga shi. Farfesoshin sun zo da ido da na'ura, alhali an kashe fitila. Shi ya zo da sanin yadda zai yi da shi ne a kujerarta.

A watan Agusta ya kawo wani akwati na katako da za a saka ta ciki, kai da hannuwa kawai a waje. Nan ne labarin ya dagule, don an tsinci rula mai naɗewa a cikin akwatin, wadda za a iya miƙawa a danna ƙararrawa. Houdini ya ce ita ta shigo da ita, ɓangarenta suka ce shi ya dasa ta don ya ɓata ta. Har yau ana jayayya a kai. Mu dai a ganinmu Houdini ba waliyyi ba ne a wannan faɗa: yana son suna, kuma ya mayar da tonon asirin Margery wani sashe na wasansa da ake biyan kuɗi a kalla. Amma wannan bai mayar da ƙararrawar aikin ruhi ba. A watan Fabrairun 1925 kwamitin ya hana ta kyautar, mutum ɗaya ne kawai, Hereward Carrington, ya goya mata baya. Doyle ya ci gaba da kare ta. A 1932 kuma aka gano cewa zanen babban yatsan da ake cewa Walter na dangwalawa a kan kaki na likitan haƙorinta ne, mutumin da ke nan da ransa.

Houdini bai ga wannan ba, don ya rasu ranar 31 ga Oktoban 1926. Kafin nan sun yi alkawari da Bess cewa idan da hanyar dawowa, zai aiko mata da saƙo cikin tsoffin kalmominsu goma. A 1929 wani mai kiran ruhohi, Arthur Ford, ya kawo saƙon, aka yi ta hayaniya, sai aka tuna cewa an riga an buga kalmomin a littafin tarihin Houdini da ya fito a 1928. Bess ta yi shekara goma tana jira. Zama na ƙarshe an yi shi ranar 31 ga Oktoban 1936 a saman rufin otal ɗin Knickerbocker da ke Hollywood. Da aka tashi ba a ji komai ba, ta kashe fitilar da ta bari tana ci kusa da hotonsa tun rasuwarsa.