Inda d, r, m suka fito kafin su iso allon kwayarmu

'Yan'uwa matasa, duk wanda ya taɓa zama a koyon waƙar 'yan kwaya ya ga malami yana rubuta d, r, m, f, s, l, t a kan allo. Mun saba da su har muna ɗauka tare da Littafin Waƙoƙi aka haife su. Sun girme shi nesa ba kusa ba.

Wajen shekara ta 1025, a garin Arezzo na ƙasar Italiya, wani malamin mawaƙan ikilisiya mai suna Guido ya gaji da yadda yara ke kwashe kusan shekara 10 suna haddar waƙoƙin sujada da ka. Sai ya ja layuka, ya ba kowace murya mazauninta, ya kuma ciro sunaye shida daga gaɓoɓin farko na wata waƙar Yohanna Mai Baftisma: ut, re, mi, fa, sol, la. Daga baya ut ta zama do. Da wannan dabara yaro ya iya rera waƙar da bai taɓa ji ba.

Haruffan da muke amfani da su kuwa daga Ingila suke. Wata malama a Norwich, Sarah Glover, ta sauƙaƙa tsarin don yaran makarantar Lahadi, ta buga littafinta a 1835. Ita ce ta mai da si ta koma te, don kada haruffa biyu su fara da s. Wani fasto, John Curwen, ya ɗauki aikin daga 1841 ya baza shi. Abin da ya sa 'yan mishan suka rungume shi a fili yake: ba ya bukatar molo ko piyano, allo da alli sun isa. Ta hannunsu ya shigo makarantu da majami'un ƙasarmu, har da Arewa, inda Dokta Walter Miller ya zauna a Zariya a farkon ƙarnin da ya wuce, aka kuma buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932.

Amma akwai abin da tsarin bai zo da shi ba. Hausa harshe ne mai karin sauti, ga dogon wasali da gajere. Yawancin waƙoƙin da aka fassara, muryar Turawa aka ɗora wa kalmominmu, sai waƙa ta hau inda magana ke sauka. Iyayenmu na Zumuntar Mata ba su jira kowa ba: suka ɗauki tulu da caki, suka tsara nasu bisa karin magana, mai bayarwa na yi ana amsawa. A ganinmu nan ne waƙar ikilisiyar Hausa ta tsaya da ƙafarta. Abin baƙin ciki, da yawa ba a rubuta muryarsu ba. Mai waƙa ta rasu ko ta ƙaura, waƙar ta bi ta.

Yau akwai manhajoji irin su MuseScore, wadda kyauta ce, da Noteflight da Flat. Yaro ya ɗora murya a kan layi, kwamfuta ta kaɗa masa nan take, ya ji inda ya karkace ya gyara. A wuri kamar Dogon Daji ko Kebbe, inda sai an yi lissafin data da caji, MuseScore ta fi dacewa, domin in an sauke ta sau ɗaya tana aiki ba intanet. Sai dai layukan Guido suke nunawa, don haka malamin da ya san d, r, m kaɗai sai ya koma ɗalibi na ɗan lokaci. Wannan ba abin kunya ba ne. A 1 Tarihi sura 25, mawaƙa 288 da aka horar, malami da almajiri kuri'a ɗaya aka jefa musu.

Kwamfuta kuma ba ta jin Hausa. Kafin ƙaninmu ya taɓa maɓalli, bari ya faɗi kalmomin da baki, ya lura inda muryarsa ta hau da inda ta sauka. Aikinsa na farko ma, mu tura shi wurin wata tsohuwar 'yar zumunta, ya zauna ta rera masa, ya rubuta.