Layi 22 da suka jawo wa British Airways tarar fam miliyan 20

Jama'a, duk mai sayen kaya ko biyan kuɗi ta intanet da katin ATM ya daure ya karanta wannan. Haka ma duk wanda ofishinsu ke da shafin intanet. Abin ya faru ne a Ingila a 2018, amma salon satar har yau ana amfani da shi.

Ranar 6 ga Satumba 2018 kamfanin jiragen sama na British Airways ya sanar cewa an sace bayanan katin mutanen da suka sayi tikiti a shafinsa da manhajarsa ta waya, daga 21 ga Agusta zuwa 5 ga Satumba. Da farko ya ce cinikin da abin ya shafa ya kai wajen 380,000. An kwashi suna, adireshi, lambar kati, ranar ƙarewarsa, har da lambobi ukun nan na bayan kati. Kuma tsawon sati biyun nan shafin lafiya lau yake aiki. Ka biya, tikitinka ya fito, ba abin da zai sa ka yi zargi. Shi kansa kamfanin bai lura ba, daga waje aka ankarar da shi.

To ina ɓarawon ya ɓuya? Wani kamfanin tsaron intanet mai suna RiskIQ ne ya fito da bayanin bayan 'yan kwanaki. Dama suna zagaya shafuka suna ajiye kwafin rubutun kwamfutar da aka gina su da shi. Sai suka ɗauko tsohon kwafin shafin British Airways suka jera da sabo. Bambancin ya fito a wani fayil na JavaScript mai suna Modernizr, wanda dubban shafuka ke amfani da shi. A can ƙarshen fayil ɗin aka liƙa layi 22. Sai kuma kwanan wata ya ƙara tona asiri: rabon da a taɓa fayil ɗin tun Disambar 2012, kwatsam ya nuna an gyara shi ranar 21 ga Agusta 2018, daidai ranar da satar ta fara.

Aikin layukan ba wuya. Da zarar mutum ya danna maɓallin biya, sai su kwafe duk abin da ya cike a fom su tura wani adireshi mai suna baways.com, sannan cinikin ya ci gaba kamar ba komai. Ku dubi sunan da kyau. An zaɓe shi ne don ma'aikacin da ya gan shi ya ɗauka nasu ne. Har takardar shaidar tsaro ɓarayin suka saya masa, irin wadda ke sa alamar kwaɗo ta fito a burauza. Masu wannan salon su ake kira Magecart.

Binciken hukumar kare bayanai ta Birtaniya, ICO, ya nuna tun watan Yuni suka shiga, da kalmar sirrin wani ma'aikacin kamfanin da ke yi wa British Airways aikin kwangila, kuma babu mataki na biyu na tantance mai shiga. Hukumar ta ce abin ya shafi mutum sama da 400,000. A Yulin 2019 ta ce za ta ci tarar fam miliyan 183, amma a Oktoban 2020 aka tsaya a miliyan 20.

A shekarar dai Ticketmaster ma ya sha irin wannan, sai dai shi ta ƙofar maƙwabci aka shigo masa. Shafinsa na biyan kuɗi yana ɗauko wata manhajar hira daga kamfanin Inbenta, ita aka gurɓata. Bankin Monzo ya lura tun Afrilu cewa kwastomominsa da ake yi wa sata sun yi ciniki a can, ya kuma faɗa musu, amma sai ƙarshen Yuni aka cire manhajar. A 2024 kuma aka sayar da adireshin polyfill.io, sabon mai shi ya riƙa cusa mugun rubutu, aka ƙiyasta shafuka sama da 100,000 na ɗaukowa daga can.

Idan ana zargin shafi ya kamu, hanyar binciken tana cikin labaran nan. A jera fayilolin da ke kan saba da kwafi mai tsabta, layi bayan layi. A duba fayil ɗin da kwanan watansa ya canza ba tare da kowa ya san dalili ba, duk da ɓarawo mai wayo na iya gyara kwanan watan. A bi duk adireshin da shafin ke tura wa bayanai, a karanta sunan harafi-harafi. A lissafa duk rubutun da ake ɗaukowa daga waje. In an samu abin, goge shi kaɗai bai isa ba, sai an gano ƙofar da aka bi an canza kalmomin sirri, in ba haka ba gobe ya dawo.

Abin da ke damuna shi ne al'adarmu a ofisoshi. A ba ɗan kwangila ya gina shafi, a yi bikin buɗewa, shi ke nan. Kalmar sirri na hannunsa, kwafin asali ma ba mu da shi. To ran da aka yi zargi, da me za a gwada? Tun 2023 Najeriya ma tana da dokar kare bayanai da hukumarta, don haka maganar tara ta daina zama ta Turai kaɗai. Wanda ofishinsu ke karɓar kuɗi ko bayanan jama'a ta shafi, gobe ya tambayi masu kula da shi ko akwai kwafi mai tsabta a ajiye, kuma yaushe rabon a gwada shi da abin da ke kan saba.

Mu kuma masu biya, alamar kwaɗo ba shaidar cewa shafi ba ɓarawo a ciki ba ce. Ku bar alat a kunne, ku ware kati mai ɗan kuɗi kaɗan don sayayyar intanet, in kun ga an cire abin da ba ku sani ba ku rufe katin nan take.