Mai Kiwon Kawa Da Ya Hau Dutse Dasa Bishiya

Jama'a, tunda maganar sare itatuwa da gawayi ba ta ƙarewa a shafukanmu, bari in ba ku tarihin wani gida a ƙasar Japan. Sana'arsu kiwon kawa, wato halittar ruwan nan mai ɓawo biyu da ake buɗewa a ci naman ciki. Ku ɗan yi haƙuri da tsawon rubutun.

Gidan Hatakeyama na zaune ne a gaɓar Moune, yankin Kesennuma, a lardin Miyagi. Mahaifinsu ya fara kiwon bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ɗansa Shigeatsu, wanda aka haifa a 1943, ya gaje shi tun yana saurayi. Yadda ake yi shi ne a ɗaura katakai su yi ta shawagi a kan ruwa, a rataya igiyoyi ɗauke da 'ya'yan kawa. Ba a ba su dusa, ba a ba su komai. Ruwa suke tacewa su ci ƙananan halittun da ido ba ya gani, kuma babbar kawa ɗaya kan tace kusan lita 200 a rana. Ka ga kenan arzikin gidan kacokan ya rataya ne a kan lafiyar ruwa.

A shekarun 1960 zuwa 1970, lokacin da masana'antun Japan ke bunƙasa, ruwan ya lalace. Dattin gidaje da na masana'antu da takin gona suka riƙa kwarara cikin teku, wasu halittu masu jan launi suka mamaye shi. Naman kawa ya koma ja kamar jini, kasuwa ta ƙi saya, aka riƙa zubarwa. Da yawa sun bar sana'ar.

A 1984 Shigeatsu ya je Faransa, ya ga yadda bakin kogin Loire ke cike da halittu, ya kuma lura cewa a saman kogin akwai dazuzzukan itatuwa masu faɗin ganye. Da ya dawo sai ya bi kogin Okawa, wanda ke zuba a tekun garinsu, har zuwa tushensa. Ya tarar an yi watsi da dazuzzuka, ga kuma shirin gina madatsar ruwa kusa da bakin kogin. Wani masani na Jami'ar Hokkaido, Katsuhiko Matsunaga, ya yi bayanin abin a kimiyyance: ruɓaɓɓen ganyen daji na haɗuwa da sinadarin ƙarfe na ƙasa, kogi ya kai shi teku, da shi abincin kawa ke yaɗuwa.

A 1989 shi da 'yan uwansa masunta suka hau dutsen Murone, suka kafa tutocin jiragensu, suka fara dasa bishiyoyi. Sunan tafiyar tasu idan aka juya shi da Hausa, daji masoyin teku ne. Duk shekara ake dashen, har aka dasa dubun-dubatar itatuwa. Suna kuma kawo 'yan makarantar ƙauyukan saman kogi su ga kawa da idonsu, su koma gida su ce wa iyaye a rage sabulu da maganin feshi. Ruwa ya gyaru, daga baya aka jingine maganar madatsar.

Sai ranar 11 ga Maris 2011, girgizar ƙasa da ambaliyar tsunami suka share gaɓar. Katakai da jirage da wurin aiki duk suka tafi, mahaifiyarsa ma ta rasu a ciki. Tekun ya yi shiru kamar ya mutu. Amma cikin 'yan watanni ƙananan kifaye suka dawo, masana daga Jami'ar Kyoto suka auna ruwan suka tarar abincin kawa ya wadata, domin dajin da ke sama bai taɓu ba. Faransawa suka kawo ɗauki, suna rama alherin da Miyagi ta yi musu wajen 1970, lokacin da cuta ta kashe kawarsu aka aika musu da iri. A 2012 Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama Shigeatsu da lambar gwarzon daji, shi da sana'arsa ta ruwa ce. Ya rasu a Afrilun 2025 yana da shekara 81, 'ya'yansa na riƙe da kiwon da dashen.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, a matsayina na ma'aikacin gwamnati, shi ne tushen kogin Okawa yana lardin Iwate, bakinsa yana Miyagi. Daji na ƙarƙashin wani ofis, kogi wani ofis, teku wani daban, kowa da fayil ɗinsa. Babu teburin da aka ɗora wa alhakin kallon kogin daga sama har ƙasa, sai da wanda abincinsa ke bakin ruwa ya yi tattaki ya haɗa su.

Mu ma mun san irin wannan. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 a jihar Kano, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗejiya zuwa Nguru ta ragu, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman Jigawa da Yobe suka ɗanɗana. Kogi ɗaya ne, amma jihohi da hukumomi daban-daban.

Don haka idan ana zancen daskarewar yashi a kogi ko ƙarancin kifi, a riƙa tambayar me ake yi a saman ruwan, kuma a zauna da masunta da manoman ƙasa kafin a sa hannu a takarda. Allah Ya sa mu bar wa 'ya'yanmu abin da za su gada.